Mussar Baba da Awon da Na Tauye

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina jujjuya maganar nan a raina kafin na iya rubuto ta, don abin kunya ne mace kamata ta fito ta ce ta yi kishi da kyanwa. Amma abin da ya faru ke nan, kuma ba zan yi masa kwalliya ba.

A lokacin shekaruna talatin da takwas, ina koyarwa a wata firamare, aurena ya mutu ba haihuwa, na dawo gidanmu a Ƙofar Dundaye cikin garin Sakkwato. Idan na taso daga makaranta ina yin kek da cincin na sayarwa, shi ya sa nake da ɗan sikeli mai batir da nake auna fulawa da sukari. Ni ce babba a gidanmu, ƙannena biyu maza ne, kowa yana aiki a wani gari. Shekara guda da dawowata Allah ya karɓi ran Inna, mahaifiyarmu, gida ya rage daga ni sai Baba. Baba ɗan kasuwar hatsi ne, ya yi kusan shekara hamsin yana auna gero da dawa da shinkafa, har yanar ido da hawan jini suka zaunar da shi. An san shi da abu biyu a kasuwa: mudunsa kullum a cike, fuskarsa kullum a ɗaure. Tun ina yarinya ban taɓa jin ya ce mini sannu da aiki ba. Ko sunana ba ya kira, sai dai ya ce ke. Ni ke dafa masa abinci, ni ke wanke masa tufafi, ni ke zuba masa ƙwayoyin hawan jini a tafin hannu kowace safiya, ya watsa su baki ko dubawa ba ya yi, ya kora da ruwa ya miƙo mini kofi.

Inna ta bar kyanwa, wadda mu nan Sakkwato mussa muke ce mata. Baba bai taɓa ƙaunar mussar nan ba, da takalmi yake jifarta in ta kusanci tabarmarsa. Bayan rasuwar Inna da 'yan watanni mussar ta haihu a ɗakin da muke ajiye hatsi, 'ya'ya uku. Biyu suka mutu, ita ma uwar ta fita wata rana ba ta sake dawowa ba. Saura guda ɗaya, mace, launin toka da ɗan fari a ƙirji. A wannan lokacin Baba ya kusa daina cin abinci, daga masallaci sai ɗaki, ko abokansa na kasuwa sun zo gaisuwa ba ya fitowa. Na yi roƙo, na yi kuka, na sauya miya ta fi kala goma, a banza. Sai wata safiya na fito da kunu na tarar da shi zaune a ƙofar ɗakinsa, 'yar mussar nan a cinyarsa, yana tsoma yatsa a madara yana sa mata a baki. Yana yi mata magana da wata murya mai taushi da ban taɓa sanin yana da ita ba. Na kasa kunne, sai na ji yana ce mata ɗiyata. Ni da ya haifa, shekara talatin da takwas ina jiran kalmar nan, ga ta nan ya ba wa abin da ke lasar gindin tukunya.

Gaskiya dai, ranar ya shanye kununsa tas, har ya nemi ƙari. Daga nan ya dawo yana ci, yana fita zaure, har dariya na ji ya yi. Ƙannena suna waya suna ta murna, suna cewa Allah ya yi wa mussar nan albarka, ita ta dawo mana da Baba. Ita ta dawo da shi! Ni kuwa da na shekara ina fama da hayaƙin murhu, ko oho. Na riƙa yin murmushi ina cewa amin. In na kawo masa nama sai ya tsame mai laushin ya yayyaga mata. In ta kwana biyu ba ta yi wasa ba sai ya lura, ni kuwa na taɓa ƙonewa da mai a hannu, na yi mako guda da bandeji ina miƙa masa abinci da hannun nan, bai tambaya ba. Na san idonsa ba ya gani sosai, amma zuciya ba ta karɓar irin wannan uzurin.

Mussar tana da kamar wata huɗu ciwo ya kama ta. Ta daina cin abinci, jikinta ya yi zafi, bayanta ya rame har ana ƙirga ƙasusuwa, cikinta kuma ya kumbura kamar an hura balan-balan. Na ce tsutsar ciki ce, za ta warke. Baba ya ce a'a, a kira keke mai ƙafa uku. Mutumin da sai na yi da gaske yake yarda in kai shi awon jini, shi ne ya sa babbar riga, ya naɗe mussa a tsohon mayafin Inna, muka tafi wajen wata likitar dabbobi can wajen Sama Road. Likitar mace ce mai haƙuri. Ta zuƙo ruwa daga cikin mussar, ruwan ɗorawa-ɗorawa mai yauƙi, ta yi gwaje-gwajenta, ta ce ciwon da suke kira FIP ne. Ta ce wata ƙwayar cuta ce da ke rikiɗa a jikin kyanwa, ta fi kama ƙanana, ba ta kama mutane, amma in aka bar ta kisa take yi. Ta ce a da ba ta da magani, yanzu akwai allura, sai dai kullum ake yin ta, lokaci ɗaya, har kwana tamanin da huɗu ba fashi. Sannan ta faɗi abin da ya zama sanadin wannan wasiƙa. Ta ce yawan maganin da nauyin mussar yake tafiya, kuma in ta fara samun sauƙi za ta riƙa girma da sauri, don haka dole kowane mako a auna ta a gaya mata, ita kuma ta faɗi inda za a ja sirinji ya tsaya. Ta ce in maganin ya gaza nauyinta, cutar za ta lafa kamar ta tafi, ta koma ta ɓuya a ido ko a ƙwaƙwalwa, ta dawo da ƙarfin da ya fi na farko.

Baba ya saurara har ta gama, sai ya nuna ni da haɓa ya ce wannan tana da sikeli, ita za ta yi. Ko tambayata bai yi ba. A ranar abin ya ƙona mini rai, na ɗauka ya maida ni baiwar mussa.

Ƙanena na biyu ya nemo maganin ya aiko, likita ta koya mini yadda ake ɗago fatar baya a soka allura. Muka sa lokaci, kullum bayan La'asar. Baba zai dawo daga masallaci ya zauna, ya rungume ta cikin mayafin nan, ni in ja magani in soka. Allurar tana da zafi, sai ta yi ƙara ta kafa masa farce, hannunsa duk ya yi zane-zane, amma ba ya ko motsi, sai lallashi, yi haƙuri ɗiyata, an kusa. Ran Juma'a da safe kuma in goge sikelina, in aza kwano, in sa ta ciki, in tura wa likita lambar ta waya. Kuma ikon Allah, maganin ya karɓe ta. Cikin mako guda zafin jiki ya sauka, ta fara lasar kifi. Mako na uku kumburin ya sace, tana bin zaren tabarma da gudu. Baba ya sa aka yi sadakar masa a ƙofar gida. Na tsaya ina kallon yara suna wawaso, ina tuna ranar da na dawo gidan nan da akwatina da takardar saki, abin da ya ce kawai shi ne a share mini ɗakin kudu.

A mako na huɗu zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ni. Na kwana biyu ina rawar ɗari, da ƙyar nake rarrafowa in dafa masa abinci in yi allurar La'asar in koma in kwanta. Ran Juma'a da hantsi ina kwance sai na ji takun sandarsa yana nufo ɗakina. Tun da na dawo gidan bai taɓa zuwa ƙofata ba. Na yi sauri na gyara ɗankwali, na ce yau dai Baba ya zo duba ni. Ya tsaya a bakin labule ya yi gyaran murya, ya ce ke, yau fa Juma'a, ba a auna ta ba. Shi ke nan abin da ya kawo shi. Na ce to. Ya juya. Na kifa fuska a matashi na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka sake ni. Da na share hawaye na ɗauki waya, na duba lambar makon jiya, na tura wa likita ita. Ko taɓa sikelin ban yi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka na yi niyyar kashe ta. Wallahi ban taɓa fashin allura ko sau ɗaya ba, kuma da wannan nake yaudarar kaina. Cewa nake, ai ina yi mata magani, awo kuma wane abu ne, ga ta nan tana tsalle kamar ba ta taɓa ciwo ba. Amma can ƙasan raina na san me nake yi. Wannan awon shi ne abu ɗaya da ke hannuna ni kaɗai, wanda Baba ba ya iya gani, kuma duk Juma'ar da na hana shi sai in ji wani sanyi mara kyau, kamar na rama wani abu. Mako na gaba na warke sarai, amma ban auna ba. Na ƙara ɗan kaɗan a kan tsohuwar lamba don kada likita ta yi zargi, na tura. Haka na yi ta yi har mako biyar. In Baba ya tambaya, in ce an auna tun yana masallaci. Likita ta yi waya ta ce nauyin ba ya hawa yadda take so, a kawo ta ta gani a ɗebi jini. Na ce mata jarabawa muke yi a makaranta, sai an yi hutu.

Abin da na manta shi ne wane ne ubana. Mutumin da ya shekara hamsin yana ɗaga buhu ya faɗi mudu nawa ke ciki kafin a kwance bakinsa, ba ya buƙatar ido ya san nauyi. Wata La'asar ya ɗauki mussar ya jinjina ta a hannu sau biyu, ya ce ta yi nauyi sosai. Sai ya ce in ba shi sirinjin. Ya shafa shi da babban yatsa, ya ce ya ji kamar inda nake tsayawa bai gusa ba tun kwanaki. Kai, sai na hau shi da faɗa, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba. Na ce in ya fi likita sani ya karɓa ya yi da kansa, ni na gaji, ba a haife ni don bautar mussa ba. Can ya miƙo mini sirinjin ya ce yi haƙuri, ke kika ga lamba, ni ban gani ba. Wannan ita ce damata ta ƙarshe ta faɗin gaskiya, na bar ta ta wuce.

Saura kwana ashirin da wani abu a gama allura, wata safiya mussar ta zo hawa tabarmar Baba sai ƙafafunta na baya suka harɗe ta faɗi gefe. Ta tashi tana tangaɗi. Na duba idonta na hagu, ya yi hazo kamar an zuba madara. Nan take na tuna maganar likita kalma bayan kalma. Baba ya shafa bayanta ya ji yadda take rawa, ya ce a kira keke.

Muna shiga likita ta aza ta a kan nata sikelin, ta faɗi lambar da ƙarfi tana rubutawa: kilo biyu da rabi. Sai ta tsaya. Ta buɗe wayarta ta duba abin da na tura mata ran Juma'a, kilo ɗaya da ɗigo bakwai. Ta ɗago ta dube ni, na sunkuyar da kai. Baba ya tambayi me ya faru. Ta gaya masa maganin da ake ba ta ya daɗe da yi mata kaɗan, cutar ta shiga ƙwaƙwalwa, sai an ƙara yawansa sosai an sake ƙirga kwanaki daga farko, kuma ba ta yi alkawarin komai ba. Baiwar Allah ta so ta rufa mini asiri, ta ce wataƙila sikelin gida ne ya lalace, irin waɗannan na batir suna yin haka. Na yi caraf na ce lallai haka ne. Muka kamo hanyar gida.

Muna shiga Baba ya wuce ɗakin hatsi. Na ji yana lalube a tsohon akwatinsa na ƙarfe. Ya fito da dutsen awo na kilo ɗaya, irin na tsohon sikelin kasuwa, wanda ya yi baƙi don tsufa. Ya zauna a tabarma ya ce in kawo sikelina. Na kawo. Ya aza dutsen da kansa, ya ce in karanta masa abin da ya nuna. Na dubi lambar. Kilo ɗaya cif, ko ɗigo babu. Edita, ko a lokacin zan iya yin ƙarya, don ba ya gani. Ya san da haka, ni ma na sani, kuma ya zauna yana jira. Bakina ya kasa. Na ce kilo ɗaya ne Baba, sikelin lafiyarsa lau, ni ce ban auna ba, mako biyar ke nan. Sai komai ya ɓalle. Na faɗa masa maganar ƙunar hannuna, da ranar zazzaɓi, da sadakar masa, da kalmar da yake kiran mussa da ita ni bai taɓa kirana ba. Ina faɗa ina kuka kamar yarinyar goye, ni da nake da furfura a gaban goshi.

Na so ya zage ni, ko ya ɗaga sandar nan. Bai yi ba. Ya daɗe yana juya dutsen a hannu. Sannan ya ce shi bai iya irin maganganun da nake so ba, Inna ce ta iya, kuma mussar nan, ɗiyar mussarta, ita ce abu na ƙarshe mai numfashi da Inna ta bari ban da mu. Ya ce a shekarunsa na kasuwa bai taɓa barin kowa ya riƙe masa mudu ba, ko ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, in zai je salla rufe rumfa yake yi. Ya ce ranar da likita ta ce sai an sami mai awo, bai yi tunanin kowa ba, don a duk duniya mutum ɗaya ne zai ba wa awo ya juya baya. Ya ce, ɗiyata, ni abin da nake da shi ke nan, shi na ba ki. Ranar ce ta farko da ya kira ni da kalmar nan, kuma da na san a haka zan ji ta, da na haƙura da ita har abada.

Mun sake wasu kwana tamanin da huɗu. Wannan karon ina auna ta a gabansa, in ɗauki hoton lambar in tura wa likita. Akwai kwanakin da sai da cokali nake ɗura mata ruwan kifi, ina goge mata jiki don ba ta iya zuwa wajen yashin da take bahaya, ina roƙon Allah kada ya kama ni da ranta. Allah ya ji tausayina ta rayu. Amma idon hagu ya tafi, kuma har yau tana jan ƙafar baya ɗaya, ba ta iya hawa ko kujera. In tana so ta hau cinyar Baba sai ta tsaya tana kuka ya sunkuya ya ɗauke ta. Duk wanda ya zo gidan ya tambaya, Baba cewa yake ciwo ta yi. Ko ƙannena bai gaya wa ba.

Ya ce ya yafe mini, kuma na yarda ya yafe. Yanzu yakan tambaye ni ya makaranta, ran nan ma da na yi tari ya ce in sha zuma. Amma akwai abin da yafiya ba ta maido ba. Kowace safiya in na zuba masa ƙwayoyin hawan jini a tafin hannu, sai ya sa yatsa ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar uku ne, kafin ya kai baki. Ba na jin ya ma san yana yi. Ni kuwa ina tsaye da kofin ruwa ina kallon yatsan nan, kullum.

Abin da na koya, na koye shi da tsada. Na zauna ina ƙirga kalmomin da ba a faɗa mini ba, ban ga amanar da aka damƙa mini ba, har na huce haushina a kan abin da ba ya da bakin kai ƙara. Masu jinyar dabba, in likita ya ce a auna, ku auna, kada ku kintata, kada ganin sauƙi ya ruɗe ku. Masu jinyar iyaye kuma, musamman 'yan'uwana mata da ke yi su kaɗai ba mai ce musu sannu, na san zafin, wallahi na sani. In abin ya cika muku ciki ku buɗe baki ku faɗa tun da wuri, ko da kuka ne, ko da za a ce kun yi rashin kunya. Kada ku bari ya bi ta hannunku ya sauka a kan abin da aka ba ku riƙo. Ni da na faɗa wa Baba abin da ke raina a bakin labulen nan ranar da nake zazzaɓi, da yau mussarsa tana gani da ido biyu, shi kuma yana shan maganinsa daga hannuna ba tare da ya ƙirga ba.